Mama, Na Bar Baba Ya Tafi da Ƙafarsa

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, wadda ta riga mu zuwa wurin hutawa.

Ina gaishe ki gwiwa a ƙasa, yadda kika koya mana tun muna ƙanana. Ina sa rai kina hutawa a hannun Ubangiji, inda babu ciwo babu gajiya. Mu nan Silver Spring a Amurka muna lafiya, da ni da maigidana da jikokinki. Sanyi ya fara shigowa, itatuwan bakin titi sun zubar da ganye, yara sun koma makaranta.

Bayan gaisuwa, Mama, ina da magana, kuma ba mai daɗi ba ce. Baba ba ya wurina. Ya koma Bukuru, ni ce kuma na raka shi filin jirgi. Ban manta abin da kika faɗa mini a gadon asibiti a Jos ba, kina riƙe da wuyan hannuna: "Hannatu, ke ce nas. Ki ɗauki babanku wurinki, kada ki bar shi ya ɗaga ko cokali." Na ce to. Na ɗauko shi, na riƙe shi, yanzu kuma na sake shi ya koma inda babu tulun oksijin kusa, da huhun nan nasa mai ciwo da kika sani. Matan zumunta na cocinmu na nan sun riga sun yanke mini hukunci, shi ya sa na rubuta wannan a fili kowa ya karanta. Amma ke nake gaya wa.

Bari in fara da aikina, don daga can abin ya taso. Ina sashen masu ciwon huhu a wani asibiti, ba waɗanda ke kwance ba, waɗanda aka sallama amma numfashi ya ƙi komawa daidai. Suna zuwa cikin mako mu koya musu tafiya da numfashi: ka shaƙa ta hanci, ka fitar a hankali ta baki kamar mai hura kunu mai zafi, ka san inda za ka tsaya tun kafin haki ya tsayar da kai. Yawancin waɗanda aka ba ni 'yan Fotugal ne. Tsofaffin magina ne da suka zo ƙasar nan da ƙuruciyarsu suna zuba kankare, ƙurar siminti da taba suka cinye musu ƙirji. Turancinsu kaɗan ne, nawa ilimin harshensu bai ma kai nan ba, sai da tafinta.

Likitar sashenmu ta ce mana na'urar da ake hurawa tana auna huhu, amma ba ta auna abin da mutum ya yarda zai iya. Sai ta tsara tambayoyi, aka juya su zuwa harshen mutanen, aka ce in riƙa yi musu ranar da suka fara da ranar da suka gama. Yaya ka yarda da kanka cewa za ka hau bene ba tare da numfashi ya tsere maka ba? Wanka kai kaɗai fa? Fita cikin sanyi? Idan ranka ya ɓaci fa, za ka iya riƙe numfashinka? Mutum ya zaɓi inda yake, tun daga "ba zan iya ba sam" har zuwa "na tabbata zan iya". Ranar farko dariya na yi a raina, na ce Turawa ba su rasa abin yi ba, yau kuma ƙarfin zuciya za a auna da mudu.

Ban daɗe ina dariyar ba. Sai ki ga mutum biyu, na'ura ta ce huhunsu ɗaya. Wannan ya ce zai iya, yana zuwa kanti, yana zuwa coci. Wancan ya ce ba zai iya ba, ya zauna, ƙafafu su mutu, haki ya ƙaru, sai ya ce ai kun gani. Zaman ne ke cin sa, shi kuwa yana tsammani zaman ne ke riƙe da ransa.

Akwai wani tsoho a cikinsu, Manuwel, gajere mai faffaɗan hannu. Matarsa Ameliya ba ta barin sa ko nan da can. Ita ke cire masa kwat, ita ke ɗaura masa takalmi, ita ke riƙe masa kofi. Kafin tafinta ya gama tambaya ta riga ta amsa: "Ba zai iya ba." Rannan na gaji, na fitar da ita waje, na sa tafinta ya gaya mata cewa idan ba ta ɗauke hannunta daga kansa ba, da alherinta za ta kai shi kabari. Ta yi kuka. Ni kuwa na hau jirgin ƙasa na koma gida ina jin na faɗi gaskiya. Laifi tudu ne, Mama, na taka nawa na hango na Ameliya.

Ga yadda na riƙe Baba. Na ajiye masa kujera mai taushi a bakin taga, da rediyonsa a gefe don ya ji labaran gida da Hausa. Ruwan wanke hannu har gabansa, abinci a tire har cinyarsa. Na gargaɗi yara, duk wanda ya bar Kaka ya tashi ɗauko wani abu, ni da shi. Ran Lahadi maigidana ya kawo mota har bakin ƙofa, mu riƙe shi hagu da dama.

Farkon zuwansa ba haka yake ba. Yana sauka ƙasa da kansa, ya zaga, ya je shagon wani ɗan Gana da ke sayar da busasshen kifi ya yi ta ciniki da Hausa. Har direbobin bas sun san hularsa. Ni ce na hana. Yau in ce sanyi, gobe in ce motoci, jibi in ce hakin da ya dawo da shi bai yi mini ba. Kalma biyu ce a bakina kullum: Baba, zauna. Mutumin da ya shekara da shekaru a ɗakin injin kuza, wanda ke taka keke daga Bukuru zuwa Jos ya dawo bai ce ya gaji ba, ya zauna.

Ya yi shiru kuma. Na ɗauka kewarki ce, na bar shi. Matan coci suna ta yabona, wai Hannatu ta iya riƙon uba, ni kuma ina sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Wata Lahadi bayan sujada, mun gama cin tuwo, sai na tuna likita ta taɓa tambayata yadda tambayoyin nan za su fito da harshenmu. Na ce bari in gwada a kan Baba, ko na sa shi dariya. Na juya su da Hausa a tsaye, ina tattara kwanuka. Hawa bene? Ya ce ba zai iya ba. Wanka shi kaɗai? Ba zai iya ba. Fita waje? Ba zai iya ba. Duk abin da na kawo, amsa ɗaya. Ko Manuwel bai yi ƙasa haka ba, alhali na ga sakamakonsu su biyu da idona, huhun Manuwel ya fi na Baba lalacewa.

Na ce haba Baba, ko zuwa bakin ƙofar nan? Bai dube ni ba, taga yake kallo. Ya ce: "Ke kika ga hoton ƙirjina. Da akwai sauran kwana a gaba, da ba ki yi mini irin hidimar da muka yi wa mamanku ba."

Kwanon da ke hannuna na ajiye a ƙasa.

Kin san yadda muka yi da ke, Mama, ko da yake ba mu taɓa faɗa ba. Ranar da likitan Jos ya kira mu gefe ya gaya mana abin da ya gani, ba wanda ya gaya miki. Haka ake yi a wurinmu, ba a faɗa wa mai ciwo. Sai dai muka fito da zanenki mai kyau, muka riƙa dafa miki hanta, muka hana ki taɓa tsintsiya, duk wanda ya shigo ya ce ai da sauƙi. Baba ne ya tsara mana yadda za mu yi. Saboda haka ya san abin sarai. Da ya ga 'yarsa nas ta duba hoton ƙirjinsa, ta dawo gida ta hana shi ɗaukar kofi, sai ya gane abin da kowane dattijon garinmu zai gane.

Kusan shekara biyu yana zaune a kujerar nan yana jiran mutuwa, ni kuma ina kawo masa shayi. Ashe har ya sa maigidana ya yi masa alkawari za a kai gawarsa gida. Maigidana bai gaya mini ba, don shi ma ya ɗauka na san abin da ba na son faɗa.

Na durƙusa gabansa na gaya masa gaskiya tsirara. Na ce huhunka ya taɓu, ba zai koma sabo ba, amma ba mutuwa kake yi ba, mutane na shekaru da irin wannan. Na rantse masa, abin da kika hana mu yi. Ya yi murmushi, ya dafa kaina, ya ce: "Haka muka ce mata."

A nan na gane bakina ba shi da sauran amfani a wurinsa. Hannuna ne ya gaya masa yana mutuwa, sai dai hannun ya janye maganar.

Washegari na ajiye abincinsa a kan tebur, na ce Baba, abinci ya sauka. Ya jira tire. Tire bai zo ba. Ya dube ni, na dubi tukunya. Can na ji ƙarar silifansa, da numfashin nan nasa mai fito, yana dafa bango. Na cusa hannuwana cikin hammata don kada su tafi da kansu. Ya iso ya zauna, ya daɗe yana haki, bai ci ba. Ya ce: "Da mamanku na nan." Bai ƙarasa ba, ba sai ya ƙarasa ba.

A jirgin ƙasa na yi kukan ranar, tun daga Silver Spring har inda nake sauka. Wata Baturiya ta miƙo mini hankici. Ina jin muryarki a kunnena tana cewa ko cokali, ko cokali. Tun ina yarinya ban taɓa saɓa miki da gangan ba sai a kan mijinki.

Na roƙi likita ta sa shi cikin ajinmu, ta yarda. Haka Baba ya zama baƙin mutum ɗaya tilo a cikin 'yan Fotugal. Makon farko ya ƙi tashi daga benci, ya ja hula ya rufe goshi, fushi yake da ni. Sai Manuwel ya zo ya zauna kusa da shi, ya bugi ƙirjinsa ya ce siminti, da irin nasu lafazin. Baba ya bugi nasa ya ce kuza. Ba wanda ya ji na wani. Suka yi dariya har ta zama tari, sai da na kawo musu ruwa.

Daga ranar suke tafiya tare a doguwar barandar asibiti. Kin san mijinki da gasa. Yana hakin yana ce mini da Hausa: "Wannan gajeren ba zai riga ni ba." Manuwel ma yana faɗin nasa da harshensu, tafinta ya ƙi fassara mini, yana dariya.

Ni da Ameliya muke tsayawa a ƙarshen barandar. Duk sanda ɗaya ya tsaya ya dafa bango, sai in ji ta damƙe mini hannu, ni ma in damƙe nata. Ba don zumunci ba ne da farko, kowace na hana 'yar'uwarta rugawa ne. Na sa tafinta ya ba ta haƙuri a kan maganar da na yi mata. Ta shafa kumatuna kamar ke, ta ce ba komai. Bayan haka kullum sai ta zo wa Baba da burodin da ta gasa, shi kuma ya ce bai kai ƙosanki ba amma ya cinye.

Akwai abin da muke yi a ajin. Kowa sai ya faɗi abu ɗaya da yake so ya iya, a sa shi a gaba ana binsa. Manuwel ya ce yana so ya gyara itacen inabin da ke bayan gidansa da hannunsa. Aka zo kan Baba. Ya ce: "In hau tudun bayan coci, inda aka kwantar da matata."

Ba ki sani ba, Mama, ranar jana'izarki bai hau ba. Mu muka hana shi. Muka zaunar da shi a gindin mangwaron da ke ƙasa, da mutum biyu suna gadinsa, yana jin waƙa daga sama. Bai ga inda aka sa ki ba.

Da bakina na fassara wa likita, ta ce madalla, wannan buri ne mai kyau. Ni ma na ce mai kyau ne. Amma ga abin da ke raina, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya har yau. Ban ɗauka zai je ba. Na ɗauka abin jan sa ne kawai. Duk ranar da ya ce ya gaji, sai in ce Baba, tudun fa? Sai ya miƙe. Da kabarinki na yi ta lallashinsa, Mama, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da zan yi ranar da ya ce ya shirya ba.

Matan zumunta kuwa sun gani da idonsu. Ɗakin da muke haya muna sujada yana da matakala a gaba. Wata Lahadi na ce wa maigidana ya ajiye mota inda kowa ke ajiyewa. Baba ya tako, ya kama ƙarfen matakala, yana hawa yana tsayawa, ni ina bayansa hannuna a naɗe. Mama Laraba, dattijuwarmu 'yar Kagoro, ta fito ta gani. Ta ce da ƙarfi: "Hannatu, ashe Amurka ta cinye ki haka? Tsoho na haki kin naɗe hannu kamar 'yar kallo?" Na ci gaba da bin bayan Baba. Da ni ce a matsayinta shekara ɗaya kafin nan, abin da zan faɗa ya fi haka.

Da Baba ya kai sama, ya jira numfashi ya dawo, ya ce: "Ku bar ta. Sannu ba ta hana zuwa." Aka yi dariya, aka shiga. Amma a mota kan hanyar gida bai yi mini magana ba, kuma ban san ko ni ya kare ba ko mutuncinsa.

A hankali abubuwa suka dawo. Ya koma shagon ɗan Gana. Ya fara haɗa shayinsa, yana zubar da rabin sukari a ƙasa ina kallo ina cije leɓe. Ya fara yi wa yara faɗa, su kuma suna amsa masa da Turanci yana ƙara faɗan. Rannan na dawo aiki na tarar ya kwance mini kujerar kicin wai tana rawa, ya rasa yadda zai mayar. Na shiga ɗaki na gode wa Allah.

Ranar gama aji na yi masa tambayoyin a ofis, kamar kowa. Hawa bene? "Zan iya, in na huta a tsakiya." Wanka? Ya harare ni. Fita cikin sanyi? "Ɗan Jos kike tambaya?" Idan ranka ya ɓaci fa? Ya ce ai na ba shi horo a kan wannan fiye da komai. Sannan ya hura na'ura. Huhun yana nan yadda yake, Mama, bai ƙaru da komai ba. Likita ta ce haka ake gani, huhu ba ya canzawa, mutumin ne ke canzawa, kuma abin da take son aunawa ke nan. Na yi murna. Murnata ba ta kai bakin ƙofar asibiti ba, don a nan ya tsaya ya ce: "To, sai ki nemo mini tikiti."

Na yi duk gardamar da na iya. Na ce a gida yanzu magani ya yi wuya, asibiti sai su rubuta maka ka je ka nema. Na ce mura ɗaya in ta sauka a ƙirjinka, nan minti kaɗan ne zuwa asibiti, can fa? Na ce ka bari sai baɗi. Maigidana ya sa baki, fasto ya zo har gida. Baba ya saurari kowa. Ya ce mini: "Ke kika tambaye ni, na ba ki amsa. Ko wasa kike yi da ni?"

Ina da makami ɗaya, kuma na san zai ci. Da na dube shi da idon nas na ce Baba, ba za ka iya ba, da ya yarda. Ya taɓa yarda ba tare da na faɗa ba ma. Da ya koma kujerar taga, da yanzu yana nan ina jin tarinsa ta bango, kusa da asibiti, kusa da ni. Wataƙila da ya ƙara shekaru a haka. Maganar ta zo har kan harshena. Na dube shi tsaye a kicin da kofin da ya haɗa da kansa, na haɗiye ta.

Ban sani ba ko ƙauna ce ta hana ni ko kunya. Ban sani ba ko na zaɓa masa rai ne ko na rage masa kwana. Ina auna ƙarfin zuciyar mutane a wurin aiki, amma da wani zai tambaye ni yaya na yarda cewa na yi daidai, da na zaɓi can ƙasa.

Na cika masa jaka da magunguna, na rubuta wa ƙanena Bulus yadda ake ba da kowane. Manuwel da Ameliya sun zo sallama da kwandon inabi, tsofaffin biyu suka rungumi juna suna bubbuga baya, kowa na magana da harshensa. A filin jirgi aka kawo keken marasa lafiya, Baba ya ce a kai wa mai buƙata. Ya rataya ƙaramar jakarsa. Na durƙusa, ya dafa kaina ya ce: "Allah ya yi miki albarka, kin sha wahala da ni." Ya tafi yana tsayawa yana ci gaba, har mutane suka rufe mini shi.

Shekaranjiya Bulus ya samu layi daga gidan waya ya kira. Ya ce Baba ya hau tudun. Da safe ya fita, bai kai ba sai da rana ta take. Ya ƙi hannun kowa, yana zama a kan duwatsu yana tashi, jama'a na binsa daga nesa. Ya daɗe a wurinki, ya cire ciyawar da ta fito, ya yi ta magana shi kaɗai. Bayan ya sauko zazzaɓi ya kwantar da shi kwanaki, sai da aka je har Jos neman allura. Yanzu ya tashi, wai yana cewa zai sake hawa kafin Kirsimeti.

Bulus ya ce: "Yaya, me kika yi wa Baba? Ya hana kowa ɗebo masa ruwa." Ban gane ba ko yabo ne ko tuhuma, ina jin shi ma bai gane ba. Kafin layin ya yanke na ji Baba daga baya yana cewa a gaishe ni, sai tari ya biyo. Na san tari, Mama, aikina ne. Wannan ba irin wanda ya tafi da shi ba ne.

Ke kika gan shi, ni ban gani ba. Ya rame? Ya sa suwaitar da na saya masa, ko ya bar ta a jaka don kada a ce ya zama Bature? Leɓensa ya yi duhu da ya iso? Ya kai ƙarata wurinki, ya ce na sa shi tafiya yana haki a gaban mutane? In ya faɗa, gaskiya ya faɗa. Ina kewarki, Mamana. Da kina nan da kin yi mini faɗan da ya dace, in yi kuka, ki ba ni kunu, magana ta ƙare. Yanzu ba mai yi mini faɗan da zai wanke ni.

Na karya alkawarinki, ina sane, kuma ba zan ce miki da za a sake ba zan yi ba. Ki yafe mini duka biyun, riƙon da na yi masa da sakin da na yi.

Ubangiji ya ƙara miki hutawa. Ya riƙe numfashin Baba a hannunsa, ya ba shi damina da rani masu yawa, ya sa tudun nan ya yi masa sauƙi duk ranar da ya nufe shi. Ya ba Bulus haƙurin tsayawa da hannu a naɗe. Ya ji tausayin 'ya'yan da ba su san inda hidima ta ƙare ba. In kuma nufinsa ne Baba ya iso wurinki da wuri, kada ki yi masa faɗa a kan ya ƙi zama, Mama. Ni ce na ce masa zai iya. Cikin sunan Yesu, amin.

Taki har abada, mai neman gafararki,
Hannatu